Masu Murya Ba Fuska: Daga Jatau Na Kyallu Zuwa Indiya-Hausa

Mai karatu, in ka taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kano, ka ratse ta Tashar Yari ka shiga ƙasar Maƙarfi a lokacin saran rake, ko ka bi ta Hunƙuyi ka nufi Kudan, ko ka zarce Ikara sa'ad da tumatir ya nuna a fadama, akwai abin da ba za ka rasa ji ba. A gefen gona, ko a rumfar masu dafa mazarƙwaila, za ka ji wata murya tana tashi. A da akwatin rediyo ne mai batir, an ɗaure bayansa da roba an rataye a reshe. Yau galibi waya ce a aljihun riga. Mutumin da hannunsa ke riƙe da adda, idonsa na kan aiki, kunnensa kaɗai ke da sarari. Shi ya sa tun fil azal mai murya yake da kasuwa a wannan yanki fiye da mai fuska.

To amma ka taɓa tambayar kanka, su masu muryar nan da me suke ci? Yaya mutum zai yi shekara talatin ko arba'in yana shiga ɗaki ya tsaya gaban makirfo, ya zama tsoho yau, gobe ya zama ɗan sanda, kuma ya riƙe gida da wannan? Sana'ar ma ba ta da tsayayyen suna a Hausa. A gidan rediyo 'yan wasan kwaikwayo ake ce musu, a sutudiyoyin Kano kuwa masu fassara ko masu ɗora murya. Bari mu bi sawun sana'ar tun daga tushe, mu ga waɗanda suka daɗe a cikinta da abin da ya riƙe su, domin yaran da ke cikinta yau suna kan wata gaɓa mai wuya.

KAFIN ZUWAN AKWATI

Kada ka ɗauka Bature ne ya koya wa Bahaushe canza murya. Tsohuwar da ke yi wa jikoki tatsuniya bayan sallar isha ita ce malamar farko. A cikin duhu take, babu mai ganin fuskarta sosai, amma da ta yi tsamin baki kowa ya san Gizo ne ya iso, da ta kumbura murya an san kura ce ko dodo. Mutum ɗaya, baki ɗaya, jama'a guda. Ka je ga tashe, wanda yara da samari ke farawa in azumi ya kai kwana goma, nan ma kwaikwayon muryar tsoho da ta malami da ta baƙo shi ne rabin wasan. Sai kuma 'yan kama, masu kwaikwayon karatun malamai da wa'azinsu, su juya zancen ya koma kan tuwo da miya. Waɗannan kam sana'a suka ɗauke shi, suna bin kasuwanni da bukukuwa, ana ba su kyauta.

Abin lura a nan shi ne, ɗan kama yana ganin mai ba shi kuɗi ido da ido. In ya burge, a take hannu ke shiga aljihu. Babu wani na uku a tsakaninsa da mai sauraro. Riƙe wannan a ranka, domin duk wahalar da ta biyo baya daga shigowar na ukun nan ta faro.

Na ukun farko shi ne majigi. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen shirya finafinai a 1939, motoci suka riƙa zagaya garuruwa da ƙauyuka suna kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, suna nuna fim kan tsafta da noma da biyan haraji. Yawancin finafinan ba da Hausa aka yi su ba, wasu ma babu magana a cikinsu. Don haka kowace mota tana tafe da mai bayani, riƙe da lasifika, yana faɗin abin da ke gudana, yana sa wa mutanen cikin fim magana a baki, yana ƙara gishiri inda ya ga jama'a sun fara hamma. In kana neman kakan masu fassarar finafinan Indiya na yau, to ga shi nan. Bambancin kawai, shi ma'aikacin gwamnati ne, ƙarshen wata yana da albashi. A shekarun 1950 aka fara samun irin su Baban Larai, wanda ya yi wa manoman auduga da gyaɗa magana da harshensu, kuma ƙasar Zazzau ta arewa ƙasar auduga ce a wancan zamani.

MUTUMIN MAƘARFI

Rediyo ta shigo biranen Arewa a shekarun 1940 a matsayin akwati mai waya, wanda ake jawo masa igiya daga tasha, ba ya kama komai sai abin da aka aiko masa. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta Nijeriya, a 1957 ta zama NBC, kuma a wannan shekarar ce BBC ta buɗe sashen Hausa. A tsakiyar wannan sabon al'amari ne sunan Maƙarfi ya shiga tarihin wasan kwaikwayon Hausa, ta hannun Alhaji Shu'aibu Maƙarfi.

Duk wanda ya yi Hausa a sakandare ko kwalejin horon malamai ya san littattafansa biyu, Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu na 1960. Abin da ɗalibai da yawa ba su riƙe ba shi ne, wasannin nan don kunne aka fara tsara su. A rediyo aka ji su daga Kaduna kafin su zama littafi a Zariya. In ka sake karanta su da wannan a zuciya za ka ga alamar. Maganganun gajeru ne, kowa da irin bakinsa, karin magana da habaici sun yi yawa, kuma da wuya ka buƙaci a faɗa maka wane ne ke magana. Labarin Malam Jatau, attajirin da ya ƙi jin shawara ya auro Kyallu daga bariki, gidansa ya watse, dukiyarsa ta ƙare, labari ne da aka gina shi a kan baki: daɗin bakin Kyallu, gargaɗin abokai, ƙorafin matan gida.

Yanzu ga gwaji. Tare duk wani malamin Hausa ka tambaye shi wa ya rubuta Jatau Na Kyallu, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa. Sake tambayarsa wa ya yi muryar Jatau a rediyo, wace ce ta yi Kyallu. Sai ka ji shiru. Takarda ta riƙe sunan marubuci, iska kuwa ta tafi da masu murya. A wancan lokaci wasu shirye-shirye kai tsaye ake watsa su, waɗanda aka naɗa kuma a kan tef mai tsada ne, wanda ake gogewa a sake naɗar wani abu a kai. Ko BBC da kanta ta yi asarar ɗimbin shirye-shiryenta ta wannan hanya. Darasin farko ke nan na wannan sana'a: aikin da ba a adana ba, ba a kuma rubuta sunan mai shi ba, kamar rubutu ne a kan ruwa.

ZAMANIN REDIYO KADUNA

A watan Maris na 1962 gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna ta buɗe nata gidan rediyo da talbijin a Kaduna, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Shi ne wanda duniya ta sani da Rediyo Kaduna. Daga baya gwamnatin soja ta karɓe ɓangaren talbijin ta haɗa shi cikin NTA, rediyon kuma ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. Manyan na'urorin watsa shirinsa a Jaji suke, tsakanin Kaduna da Zariya, wato mutumin Likoro ko na Paki kusan a ƙofar gidansa ake magana. Ta gajeren zango kuwa, a wancan zamani har Nijar da Ghana da Kamaru ana kama shi.

A nan aka yi zamanin da ɗan wasan murya ya fi samun kwanciyar hankali. Alhaji Yusuf Ladan, ɗan gidan sarautar Zazzau, ya jagoranci Zaman Duniya Iyawa Ne, wanda shi ma ya bi sawun wasannin Shu'aibu Maƙarfi ya zama littafi a 1980. Ga Duniya Budurwar Wawa, ga Basafce mai yi wa manoma hannunka mai sanda cikin raha. Sai kuma Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa.

Pategi Banufe ne, ɗan sarauta daga Pategi ta Jihar Kwara ta yanzu, an haife shi a 1942. Ya yi aikin gidan rediyo, ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa, ya dawo da wata dukiya da ba a sa ta a jaka: Hausar bariki. Ya ji yadda sojan da ba Bahaushe ba ke murɗa Hausa, yana cakuɗa ta da Turancin buroka, yana ba da oda ko da matarsa yake magana. Daga nan ya gina Samanja, wato sajan-manjo a bakin Bahaushe. Wasan ya yi rediyo, ya yi talbijin, kuma har ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023 mutane ƙalilan ne ke kiransa da sunan yanka. Ka lura, abin da ya sa aka so shi ba zaƙin murya ba ne. Kunne gare shi. Ya saurari mutanen da ya zauna da su, ya kwaso bakinsu.

Haka Ƙasimu Yero, mutumin Zariya, wanda ya rasu a watan Satumba na 2017. Shi talbijin ta fi fito da shi, a Karambana, da kuma Cock Crow at Dawn na NTA da aka fara a 1980, inda ya fito a Kawu Gaga da Turanci. Amma rufe ido ka tuna shi, muryar ce za ta fara zo maka, da yadda yake jan kalma ya sake ta. Mutumin da ke iya wasa da harshe biyu, a dandamali da gaban kyamara da gaban makirfo, in ƙofa ɗaya ta rufe yana da wata.

ME YA RIƘE SU?

In ka duba waɗanda suka daɗe a wancan zamani, za ka ga abubuwa kaɗan ne suke maimaituwa. Na farko albashi. Da yawansu ma'aikatan gidan ne, wani furodusa, wani mai gabatar da shiri, wani ma a ɓangaren injiniyoyi ko ofis yake, in lokacin wasa ya yi ya ajiye aikinsa ya shiga sutudiyo. Wasan bai zama shi kaɗai ne tukunyar gidan ba. Waɗanda ake ɗaukowa daga waje kuwa ɗan abin da ake biyansu a kan kowane shiri ba ya riƙe gida, sai sun haɗa da koyarwa ko kasuwanci ko wani aikin gwamnati.

Na biyu, shirin mako-mako ne, shekara da shekaru. Mai sauraro ya saba da mutum kamar maƙwabcinsa, gidan rediyo kuma ba ya iya canza shi ba tare da wasiƙun ƙorafi sun cika akwati ba. Wanda ya mallaki hali guda da jama'a suka riƙe, ya mallaki gona.

Na uku, murya ba ta tsufa da wuri kamar fuska. Jarumin fim in furfura ta fito sai a mayar da shi uba ko malami, jaruma kuwa sau da yawa aure ko shekaru ke rufe mata littafi tun tana da ƙuruciya. A rediyo ɗan shekara hamsin yana iya yin saurayi. Mace ma da danginta ba za su yarda fuskarta ta fito a allo ba, sau da yawa sukan bar ta ta yi murya. Sai dai ita ma muryar tana da haƙƙi. Ƙurar hunturu, taba, yawan ihu da ƙarancin shan ruwa duk suna cin maƙogwaro, kuma dishewar da ta wuce mako biyu zuwa uku ta likita ce, ta wuce a yi ta shan citta da zuma ana jira.

GANI YA KORI JI

Daga tsakiyar shekarun 1980 abubuwa suka fara sauyawa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar albashi, aka kuma ce gidajen watsa labarai na gwamnati su fara nemar wa kansu kuɗi. Wasan kwaikwayo yana cin mutane da lokaci, don haka duk wanda bai sami mai ɗaukar nauyi ba sai ya fara tangal-tangal. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, irin su Freedom da ta fara a Kano a 2003, amma tashar kasuwa ta fi son shirin siyasa da na kiran waya, masu arha da kawo talla. Abin da ya ɗan riƙe wasan rediyo a shekarun 2000 shi ne kuɗin ƙungiyoyin waje masu saƙon lafiya da ilimi, irin su Gugar Goge na 2006, da Ruwan Dare da ya biyo shi, da Ji Ka Ƙaru na Muryar Jamus. Suna biya da kyau in aka kwatanta, sai dai kwangila ce. Ranar da kuɗin shirin ya ƙare, kowa ya kama gabansa.

A gefe guda kuma ga bidiyo ta iso. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, kafin shekara goma kasuwar ta cika ta batse. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, aka koma sayen fuska a jikin kwalin kaset. Amma ko a nan murya ce ke jan kasuwar a ɓoye. Waƙar da ta sayar da Sangaya da ire-irensa, ai ba jaruman da ke rawa ne suka rera ta ba. Irin su Rabi Mustapha da Misbahu M. Ahmad da Mudassir Ƙasim, daga baya su Fati Nijar, su ne ke cikin sutudiyo, jarumi yana motsa baki. Mawaƙi ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya, kaset ya yi ta sayuwa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Waɗanda suka tsira a cikinsu su ne waɗanda suka fito da sunansu fili, suka yi kundin waƙoƙinsu, suka shiga wasan biki, ko suka buɗe nasu sutudiyon.

Tsofaffin 'yan wasan rediyo da talbijin kuwa, wanda yake da fansho ya lallaɓa, wanda ba shi da shi ya ga tasku. Ba mu manta da Abdullahi Shu'aibu Karkuzu na Jos ba, wanda ya sa Arewa dariya shekaru da dama, amma a ƙarshen rayuwarsa, ga makanta ga rashi, sai da ya fito ya nemi taimako, ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya share masa hawaye a 2023. Ya rasu a 2025, Allah ya jiƙansa. Abin yabo ne ga wanda ya taimaka, abin kunya ne ga sana'ar da ta bar dattijonta a hannun sa'a.

INDIYA TA KOYI HAUSA

Sai ga shi a farkon shekarun 2010 murya ta dawo ta wata ƙofa. Bahaushe ya daɗe yana kallon finafinan Indiya tun zamanin da Kwarori ke kawo su silima, yana fahimtar labari ba tare da jin yaren ba. Da kwamfuta ta yi arha, sai samari a Kano suka fara cire maganar asali suna ɗora Hausa. Sutudiyon Algaita na Buzo Ɗanfillo ya yi fice, irin su Sultan suka biyo, aka sami abin da ake kira Indiya-Hausa. Yawanci finafinan kudancin Indiya ne masu faɗa. Mutum biyu ko uku ne ke yin muryar kowa da kowa, suna bin motsin leɓe, suna zuba sara da barkwancin unguwa, kamar dai mai bayanin majigi ya dawo da sabuwar riga. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ita ma ta ɗauki masu ɗora murya don dogayen shirye-shiryen ƙasashen waje.

Je shagon mai caji a Ikara ko Kudan ka ga abin da ake turawa a waya, za ka san kasuwar ba ƙarama ba ce. 'Yan fim ɗin Hausa ma sun sha kuka cewa fassarar ta cinye musu ciniki. Ga kuma masu karanta littattafan Hausa suna sawa a YouTube, ga masu tallar magani da na siyasa, ga saƙon wayar da kai a lokacin rigakafi. Aikin murya bai taɓa yawa kamar yanzu ba.

To amma dubi ƙasan da aka yi ginin a kai. Yawancin fassarar nan ba da izinin masu fim ɗin aka yi ta ba, don haka wanda ya ɗora murya ba shi da bakin neman haƙƙinsa a kan abin da tun asali ba a mallaka ba. Mai tura fim a waya yana karɓar kuɗinsa, ko sisi ba ya komawa ga mai murya. YouTube na iya rufe tasha dare ɗaya saboda haƙƙin mallaka. Babu albashi irin na Rediyo Kaduna, babu fansho, sau da yawa ko takardar yarjejeniya babu. An san sunan sutudiyo, amma yarinyar da ta yi kukan jaruma har ta sa matan gida hawaye, wa ya san ta? Mun koma gidan jiya, zamanin Kyallu.

YADDA WASU SUKA YI

Ba mu kaɗai muka sha wannan ba. A Indiya, lokacin da fim ɗin Mahal ya fito a 1949, faifan waƙarsa da ta fi shahara bai ɗauki sunan Lata Mangeshkar ba, sunan da jarumar ke amsawa a cikin fim aka rubuta. Masu sauraro ne suka dami gidan rediyo da tambaya har aka faɗi sunanta. A farkon shekarun 1960 ta tsaya kai da fata sai an riƙa ba mawaƙa kaso daga cinikin faifai, har ta ɓata da Mohammed Rafi na wasu shekaru a kan wannan magana. Ta rasu a 2022 bayan ta shafe fiye da shekara sittin tana aiki.

A Amurka, Mel Blanc, mai muryar zomon nan Bugs Bunny da wasu da dama, ya sa an rubuta a yarjejeniyarsa ta 1944 cewa dole sunansa ya fito a allo, abin da ba a saba yi wa masu murya ba. Sunan nan ne ya jawo masa sauran ayyuka. Da ya yi mummunan haɗarin mota a 1961, har gadonsa aka kai kayan naɗi. Ya yi aiki har rasuwarsa a 1989. A Ingila kuma akwai The Archers, wasan rediyo da BBC ta fara watsa wa ƙasa baki ɗaya a 1951 don koya wa manoma sababbin dabaru, wato Basafcen Turawa. Har yau ana yin sa. June Spencer, wadda aka fara da ita, in ka cire ɗan hutun da ta yi a shekarun 1950, ba ta ajiye makirfo ba sai a 2022, tana da shekara 103.

Ka ga duka ukun hanya ɗaya suka bi: suna a rubuce, yarjejeniya a rubuce, da gidan da ya riƙe shiri bai yar ba. Baiwa kam muna da ita, waɗannan ne muka rasa.

NA'URA TA FARA MAGANA

Yanzu kuma ga sabon baƙo. Fasahar ƙirƙirarriyar basira ta kai inda za a ba kwamfuta muryar mutum ta 'yan mintoci, ta koya, ta riƙa faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. A 2022 aka bayyana cewa James Earl Jones ya ba da izini a ci gaba da amfani da muryarsa ta wannan hanya a finafinan Star Wars. Shi da yardarsa aka yi. Tsoron kada a yi wa saura ba da yardarsu ba yana cikin abin da ya sa 'yan wasan Amurka suka yi yajin aiki daga Yuli zuwa Nuwamba na 2023. Hausa ma na'urorin sun fara koyonta. Har yanzu sukan yi tuntuɓe a karin sauti da tsawon wasali, su ce gari inda ake nufin garin tuwo, amma wanda ya ga yadda suka faro ya san ba za su daɗe a haka ba.

Aikin da na'ura za ta fara ɗauka shi ne na karatu miƙe, sanarwa da talla mai arha. Wanda zai yi mata wuya shi ne irin na Samanja, wanda sai ka zauna a bariki, ko ka yini a kasuwar rake kana jin yadda dillali ke zolayar mai saye, sannan za ka iya. Don haka yaron da ke son ya kai shekara talatin a sana'ar nan, ya fara da buɗe kunne a garinsu. Ya koyi rubutu da fassara da haɗa sauti, kada ya tsaya a baki kaɗai. Ya riƙe wata sana'ar a gefe kamar yadda magabata suka yi, ba abin kunya ba ne. Kada ya naɗi komai sai an rubuta nawa ne, a ina za a sa, har zuwa yaushe, kuma ko an yarda a koya wa na'ura da muryarsa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi haƙƙin mai wasa a kan aikinsa, amma doka ba ta bin mutum gida. Hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka, sai masu murya sun haɗa kai sun tsayar da farashi da sharuɗɗa, in ba haka ba kullum akwai wanda zai karɓi rabin kuɗin.

Saura kai, mai karatu, domin kai ma da naka. In a gidanku a Maƙarfi ko Hunƙuyi ko Paki akwai tsohon kaset da baba ya naɗa daga rediyo, kada a bar yara su warware shi. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai masu nazarin Hausa da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, nan kusa a Samaru. In akwai dattijo ko dattijuwa a unguwarku da ta taɓa yin wasa a rediyo, je ka gaishe ta, ka kunna wayarka, ka tambaye ta su wa da wa suka yi, a wace shekara, nawa aka biya su. Masu sutudiyo kuma, minti ɗaya ya isa a jera sunayen masu murya a ƙarshen kowane fim. Ranar da ka sake jin wata murya ta sa ka dariya a bakin gona, daure ka tambayi sunan mai ita.